Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Gidan farko da na kama a Alƙahira a Ainu Shams yake, can hawa na biyar. Simsar ɗin da ya kai ni, wato dillalin gidaje, ya rantse mini cewa maƙwabta mutanen kirki ne, kuma ruwa ba ya ɗaukewa. Ni ma dillaliya ce. Tun ina tallan ɗankunne a faranti a Ƙofar Wambai har na mallaki shago a Kwari, na san irin rantsuwar da take fita daga bakin mai son ciniki ya faɗa. Amma na gaji, ga jakunkuna, ga yaro ɗan shekara bakwai ya toshe kunnuwansa da hannu biyu yana gurnani saboda hon ɗin motoci. Na ce na karɓa. Ruwan kuwa sai ya ga dama yake hawowa.

Abu biyu ne suka kai ni Masar. Na ɗaya abaya: in saya a can, in sa a yi mata ado, in turo Kano ƙanwata ta sayar. Na biyu ɗana. Shi kaɗai Allah ya ba ni, mahaifinsa ya rasu tun yana rarrafe. Ba ya magana sai 'yan kalmomi, ba ya kallon mutum a ido, kuma in ya samu murafen kwalba zai wuni yana jera su. A gida wasu sun ce aljanu ne, wasu sun ce galahanga. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yanka abin da aka ce a yanka. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke hana ni sukuni shi ne gudunsa. In ya hango abu mai sheƙi sai ya fizge hannunsa ya bi, ba ya ganin mota, ba ya ganin rami.

Likitar da na kai shi wurinta, wata Bamisiriya mai sanyin murya, ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce abin da yake da shi sunansa tawahhud, Turawa na cewa otizim. Ta ce ba ciwo ne da ake sha wa ƙwaya ya tafi ba, haka Allah ya yi shi, amma yana iya koyon abubuwa da yawa in an bi shi a hankali. Sannan ta tambaye ni, "In kin kira sunansa, yana juyowa?"

Na ce a'a. Ban yi ƙarya ba. Sai dai ban faɗa mata cewa ni ban taɓa kiran sunan ba.

Wanda ya tashi a irin gidanmu ya san dalili. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Inna, mahaifiyata, tana ce masa "maigidana". Ƙannena suna cewa Abba. Ni ko Abban ban iya ba. "Kai." "Zo nan." In ina zancensa da mutane sai in ce "yaron nan". Haka Inna ta yi da yayanmu har ya yi furfura, kuma babu wanda ya taɓa cewa ba ta son sa. Shi ya sa duk lokacin da mai gadin gidanmu na Ainu Shams ya ɗaga murya daga ƙasan bene ya ce "Ya Ummu Usman!" sai in ji kamar an yaye mini mayafi a kasuwa.

Ba mu daɗe ba abin da nake tsoro ya faru. Muna tsaye ina sayen burodi, sai wani yaro ya wuce a ɗaya gefen titi da balan-balan mai ƙyalli. Ban ankara ba hannuna ya zama wayam. Na yi ihu, "Kai! Kai!" A titin Ainu Shams kowa ma ihu yake yi. Wani mai tuk-tuk, irin a-daidaita-sahunmu, ya taka birki har keken ya karkace, madubinsa ya daki kafaɗar yaron. Allah ya tsare, ƙujewa ce kawai. Mai keken ya sauko yana zagi, da ya ga yadda yaron yake kaɗa hannuwa yana kuka sai ya yi shiru, ya ce "Ma'alish, ya hajja," wato in yi haƙuri, ya saya masa ruwan rake.

Labari bai kwana ba ya isa Kano, don ƙanwata ba ta iya riƙe magana. Inna ta kira.

"Ke Talatu, ki dawo mini da maigidana. Kasuwa kika je ko kisan kai? Ɗakin baya yana nan, na sa an gyara ƙofarsa."

Na san gyaran da aka yi. Sakata ce ta waje. Ba mugunta ba ce, ƙafafun Inna sun daina bin yaro. Amma na ga yadda ya zama a 'yan watannin da ya taɓa yi a ɗakin nan lokacin da na yi jinya: ya daina faɗin ko kalmomin da ya iya.

Na ce, "Inna, ki ba ni lokaci. In ya sake kuɓuce mini ya faɗa titi, da kaina zan sa shi a jirgi."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

A kasuwa da maganata na ci abinci. Inna ta san ba na faɗa in janye.

Daga baya mai gidan ya ce mu tashi, wai matar da ke ƙasanmu tana kukan tsalle-tsallen yaro. Muka koma Darrasa muka raɓe a ɗakin wata matar ɗalibi 'yar unguwarmu. A nan ne kewar gida ta kama ni sosai. Kullum ful, dafaffen wakensu, da burodi, burodi da ful. Wata rana na ji ƙamshin daddawa yana fitowa daga tagar wasu ɗalibai, na tsaya a lungu da damin abayoyi a ka, hawaye na zuba, ni da ban yi kuka ba ranar da gobara ta cinye shagona na farko. Fita kasuwa kuwa sai na ɗaure wuyan hannunsa da nawa da ɗankwali. Mutane suna kallo. Wata tsohuwa ta taɓa tsayar da ni ta ce haramun ne a ja ɗan mutum kamar akuya. Larabcina bai kai in ba ta amsa ba.

Wadda ta ɗauke mu daga nan Hajja Amna ce, wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan da nake sayen turaren wuta a hannunta. Tana da ɗaki a Hadayek el-Maadi, a hawan ƙasa. Da na gaya mata yaron yana tsalle, sai ta ce, "Ya yi ta yi. Ƙasanmu babu kowa sai ɓeraye, su kuma ba sa biyan haya."

A wannan unguwa na haɗu da Lin. An ce mini akwai wata 'yar Caina mai sayar da duwatsun ado da maɓallai, irin waɗanda ake liƙa wa abaya, kuma kayanta ba sa dusashewa. Shagon ɗan ƙarami ne, rediyo na ta kiɗa. Ita siririya, da tabarau, Larabcinta gurgu kamar nawa, don haka muka fahimci juna da sauri. Na ɗauki ƙunshin duwatsu na ce ai wannan gilashi ne. Ta ce idona ne gilashi. Na ajiye na yi kamar zan fita. Ta yi kamar ba ta gan ni ba. Na ce a raina, yau na gamu da irina.

Muna cikin haka yaron ya fara gurnani, ya kai hannu kunne. Lin ba ta ko kalle shi ba. Ta miƙa hannu ta kashe rediyon, ta jawo wani tire cike da maɓallai ta ajiye a ƙasa, ba a gabansa ba, a ɗan gefe. Ta ci gaba da ciniki. Can sai na ji shiru. Na duba, ya durƙusa yana tsince shuɗaye yana jerawa.

Na ce wannan dabara ce, a lallashi ɗa don uwa ta saki baki. Na ƙara matse farashi. Ta sallama a inda ta sallama, tana ƙulle mini kaya ta ce, "Tawahhud?"

Na ɗago na kalle ta.

Ta ɗaga labulen bayan shagon. Wata yarinya mai kamar shekara tara tana zaune a kan katifa, tana juya murfin tukunya a kan yatsa, kanta a karkace.

"Yuyu," in ji Lin. "Tawa."

Ta ce in zo ranar Juma'a da hantsi, kafin masallaci. Akwai wata farfajiya mai katanga a bayan rumbun kayan wani ɗan ƙasarsu, Malam Wu. 'Yan gidaje ne kawai, duk 'yan Caina, duk masu irin yaranmu. Kakanninsu da 'yan uwansu suna can nesa, a nan ba su da kowa, sai suka zama dangin juna. In uwa ɗaya ba ta da lafiya wata ta ɗauki ɗanta. In an gano mai askin da ba ya kunna inji, kowa ya ji a waya. In yaro ya koyi riƙe cokali, a kawo lemo a raba.

Ni da na ji haka sai lissafin 'yar kasuwa ya zo mini. Na samu wurin ajiye yaro. Ranar Juma'ar na dafa dambun nama cike da kwano, na kai shi ƙofa, na miƙa wa Lin kwanon da hannun yaron, na ce zan je in karɓo kaya wurin tela in dawo.

Ta karɓi kwanon, ta mayar mini da hannun.

"Nan ba makaranta ba ce."

"Zan biya."

"Babu mai karɓa. Uwa ta zauna, ɗa ya zauna. Uwa ta tafi, ɗa ya tafi. Cire takalmi, yalla, maza."

Na cire. Na tarar da manyan mutane, masu shaguna da masu rumbuna, zaune dirshan a kan tabarmar roba. Malam Wu, ƙato mai sanƙo, yana rarrafe yana kukan kare don ɗansa ya kalle shi. Na kawar da kai don kunya. A gidanmu uba ba ya yin haka ko a cikin ɗaki. Amma da yaron ya ɗago ya kalle shi na ɗan ƙiftawar ido, sai duk wurin aka yi tafi a hankali, da yatsu biyu a kan tafin hannu, don kada ƙara ta firgita yaran.

Suna da wani wasa da suke yi wa masu gudu. Iyaye su tsaya a gefe-gefe, a saki yaro ya yi tafiyarsa. Sai a kira sunansa sau ɗaya tak. Wanda ya fi kusa da shi ya dafa kafaɗunsa a hankali ya tsayar da shi, nan take a ba shi abin da yake so. A sake. A sake. Mako da makonni, har ƙafarsa ta koyi tsayawa da jin sunan tun kafin hannu ya taɓa shi. Lin ta ce Yuyu ta fi shekara kafin ta kama, kuma ɗan Malam Wu har yanzu bai kama ba.

Aka zo kanmu. Lin ta cika aljihu da shuɗayen maɓallai ta ce, "Kira shi."

Na ce, "Kai! Zo nan."

"Sunansa Kai?"

"A'a."

"To kira sunansa."

Na yi mata bayani da guntun Larabcina: ɗan fari, sunan uba, ba a faɗa. Ta fassara wa sauran. Ba su yi dariya ba. Malam Wu ya gyaɗa kai ya ce su ma a da ba a rubuta sunan uba, balle a kira. Amma Lin ba ta sassauta ba. Ta tambayi sunaye nawa ake kiransa da su a gida. Na lissafa mata. Ta dafe goshi.

"Suna ɗaya. Wanda ke cikin fasfo. In ya ɓata a Alƙahira, ɗan sanda ba zai ce 'maigidana' ba."

Na ce su su kira, ni zan dafa kafaɗa. Haka muka yi har sanyi ya wuce aka shiga zafi. Duk Juma'a muna can. Na saba da shayinsu marar sukari, su kuma suka saba da yajina, har Malam Wu yana zuwa da 'yar kwalba a aljihu in cika masa. Na koyi zama a ƙasa. Ranar da Lin ta kwana biyu ba ta runtsa ba saboda Yuyu, na kai yarinyar ɗakinmu, Hajja Amna ta ba ta murfin tukunya har uku, uwar ta yi barci a kan buhunan maɓallai.

A ranar ne da Lin ta zo ɗaukarta ta gaya mini cewa surukarta a Caina ba ta san halin Yuyu ba. In an yi kiran bidiyo sai su ce yarinyar kunya gare ta. Mijinta ɗa ɗaya ne a gidansu, Yuyu jika ɗaya. "In sun sani," ta ce, "tsohuwar ba za ta iya fita cikin maƙwabta ba." Ta share tabarau da gefen riga. Na ce a raina, ashe kowa da sunan da ba ya iya faɗa.

Sai wata Juma'a abin ya zo. An saki yaron, ya nufi katanga. Lin ta ce, "Usman!" Na ɗaga hannu zan dafa shi, sai na ga babu buƙata. Ya tsaya. Bai juyo ba, amma ƙafafunsa sun tsaya cak. Aka yi tafin yatsu biyu. Malam Wu yana share ido.

Na yi murna, Allah ya sani. Amma murnar ba ta cika ba. Ɗana ya tsaya wa 'yar Caina. Ni da na haife shi, in na ce "kai" har ƙarshen duniya ba zai tsaya ba.

Lin ta zo kusa da ni ta ce, ƙasa-ƙasa, "A titi ba ni nake riƙe da shi ba."

Da muka koma gida ina wanke shinkafa a kicin, na rufe taga. Na ce a zuciyata, Baba ka yafe mini. Sannan na faɗa cikin kwanon, a hankali, kamar mai satar nama a tukunya. Harshena ya yi nauyi. Na sake faɗa. Hajja Amna ta leƙo.

"Da wa kike magana, ya bitti, 'yata?"

"Da shinkafa."

"Shinkafar sunanta Usman?" Ta yi dariya har tana riƙe ƙofa, sannan ta ce, "Ɗaga murya. Mahaifinki yana inda ba a jin haushi."

Juma'ar da ta biyo ni na kira. Muryata ta fito siririya kamar ta amarya. Bai tsaya ba. Ta gaba ma bai tsaya ba. Lin ta ce ba ya gane muryar da sunan tare, sai an koya masa daga farko. Muka koma farko. Na riƙa kiransa a ɗaki, a bakin famfo, a layin burodi, aljihuna kullum da maɓallai kamar tela. Wani lokaci ya tsaya, wani lokaci ya wuce abinsa.

Ana saura kaɗan azumi, unguwa ta cika da fitilun Ramadan masu launi-launi da Misirawa ke ratayewa. Mun fito daga tashar jirgin ƙasa ta Hadayek da la'asar, ina ɗauke da damin abayoyi a ka, ɗankwalin da ke haɗe da hannuwanmu ya sassauta ban sani ba. A tsallaken titi wani mai shago ya kunna fitila shuɗiya. Na ji hannuna ya zama wayam.

Yana gudu, motoci na wucewa. Na saki damin ya faɗi. Ban san ina da irin wannan murya ba.

"USMAN!"

Ya tsaya. Yatsun ƙafarsa a bakin kwalta, hannuwansa suna kaɗawa, idonsa a kan fitilar. Wata bas ta wuce har iskarta ta ɗaga masa riga. Na isa na dafa kafaɗunsa, a hankali, yadda aka koya mini. Na laluba aljihu na ba shi maɓalli. Na zauna a ƙasa a bakin titi, a gaban jama'a, abayoyina a warwatse, wani mai sayar da lemo yana tattara mini.

Na fara biyawa ta shagon Lin. Ta saurara har ƙarshe, ta cire tabarau, ta mayar. Ta ce, "Kada ki daina ɗaure hannun. Yau ya tsaya, gobe Allah ya sani."

"Na sani. Ni dai na faɗi nawa. Ke fa, yaushe za ki gaya wa tsohuwa?"

"Bukra," in ji ta. Gobe.

"Kin zama Bamisiriya, komai sai gobe."

Ta jefe ni da maɓalli.

Saura Inna. Alkawari na yi mata, kuma ba zan bari ta ji a bakin wani ba. Bayan magariba na kira.

"Inna, yau ya kuɓuce."

Na ji numfashinta ya canja. "Inna lillahi. Ya shiga titin?"

"Bai shiga ba. A baki ya tsaya."

"Wa ya riƙe shi?"

"Babu kowa. Kiransa na yi."

"Ke? Yaushe maigidana ya fara jin kira? Da me kika kira shi?"

Na kalli yaron. Yana zaune a tabarma yana jera maɓallansa, Hajja Amna ta yi kamar tana gyara garwashin turare.

Na ce, "Usman."

A tabarma hannunsa ya tsaya a sama, da maɓalli a tsakanin yatsu.

 Inna ta zauna da mahaifina tun tana yarinya har ta rufe masa ido, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, kuma ba ta taɓa jin sa a bakin ɗayanmu ba. Na jira faɗa. Ina jin kukan akuyar maƙwabta a bayanta, da ƙarar injin markaɗe na bakin layinmu.

Can ta ce, "Da ƙarfi kika faɗa?"

"Duk unguwar sun ji."

"Kuma ya tsaya."

"Ya tsaya, Inna."

Ta ja hanci. "Shi ma mai sunan haka yake. Ba ya juyowa, amma yana ji." Sannan ta ce, "Gobe zan sa a zuba buhunan gero a ɗakin bayan nan, dama sun cushe mini zaure. Ke kuma ki ci gaba da kira. Sa wayar a kunnensa in gaida maigidana."